Yadda aka mayar wa Inna wushiryarta

A gidanmu ba wanda zai iya ce maka ga ranar da Inna ta daina cin nama. Da farko in an sayo tsire, wanda Larabawa ke kira siriya, a Shara Mansur da ke nan Makka inda muke zaune, sai ta ɗauki yanka ɗaya ta tsotse yajin, ta miƙa wa jika sauran. Daga baya ta ce ƙamshinsa ma ya ishe ta. Tamis ɗin safe, wato burodin da ake ci a nan, sai ta tsoma shi a shayi ya yi lugub kafin ta kai baki. Goro kuwa, wanda ba ta taɓa wuni babu shi ba, ta koma goga shi a magogi tana zuba garin a tafin hannu tana lasa. Muna kallo muna cewa tsufa ne. Mace mai shekara 71, ga sukari ga hawan jini, me kuma ake jira?

Wani dare a farkon Muharram na tashi shan ruwa na same ta zaune a falo cikin duhu, kuncinta na dama ya kumbura har ya ja idon. Ɗakin duk ƙamshin kanumfari. Ashe kwana huɗu ke nan tana cusa shi a kogon haƙori, da ya ƙi ji ta murƙushe ƙwayar asfirin ta danna a dasashi, wurin ya ƙone ya yi fari fat. Na ce, "Inna, me ya hana ki faɗa?" Ta ce, "Tsutsa ce, in ta ƙoshi za ta kwanta."

Da safe Yaya ya kai mu mustausaf, wato ƙaramin asibitin unguwa. Likitan ya leƙa, ya rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya ce in kumburi ya saɓe a dawo a cire, sauran haƙoran ma ba su da wani rai. Da Yaya ya tambayi kuɗin dashen haƙori, irin wanda ake kafa ƙarfe a ƙashi, adadin da aka faɗa masa ya sa har muka iso gida bai ce uffan ba. Wata maƙwabciyarmu ce ta ba mu labarin asibitin koyarwa na kwalejin haƙori, inda ɗalibai ke aiki malamansu na tsaye a kansu. Ta ce kuɗi kam ba za su ci mu ba, amma mu ɗaura ɗamarar sintiri. Ba ta yi ƙarya ba: sai da shekara ta zagayo.

Ranar farko ba a taɓa bakin Inna da komai ba sai madubi. Aka karɓi iƙama, wato katin izinin zama, aka buɗe fayil, aka ɗauki hoton muƙamuƙi da na'urar nan da ke zagaya kai, wadda suke kira banorama. Bayan sati uku aka kira mu, aka haɗa mu da wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe, siririya, wadda Inna ta laƙaba wa "'yar daktora" tun ranar, har yau kuma ba ta kira ta da wani suna ba. Ta ƙirga haƙoran: 11 suka rage cikin 32, biyar a sama shida a ƙasa. Sannan ta ɗauko wani siririn ƙarfe mai zane-zane kamar ma'auni, tana zura shi tsakanin haƙori da dasashi tana kiran lamba, abokiyarta na rubutawa. Shida. Bakwai. Takwas. Na tambaye ta me take aunawa. Ta ce zurfin ramin da ya buɗe tsakanin nama da haƙori. A lafiyayyen baki ba ya wuce milimita 3. In ya kai bakwai ko takwas, ƙashin da ke riƙe da saiwar ya zaizaye ke nan. Ta nuna mini a hoton, ga saiwoyi tsaye kamar turakun da ruwa ya kwashe ƙasar gindinsu. Haƙoran nan galibinsu ba su ma ruɓe ba, abin da ke riƙe da su ne ya tafi.

Ana cikin haka wata malama ta shigo da takardu. Ta ce suna bincike kan lafiyar bakin waɗanda suka haura 60, ko hajja za ta yarda a yi mata tambayoyi? Ba dole ba ne, in ta ƙi ma aikinta ba zai tsaya ba, kuma ba za a rubuta sunanta ba. Inna na jin an ce sa hannu ta ja mayafi. Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san yadda tsofaffinmu suke da takarda. A wurinsu takarda ba ta zuwa da alheri sai dai ta zo da tambaya. Sai da na karanta mata layi-layi na fassara, ta ce, "To, in don a taimaki wasu ne, dangwala mini."

Tambayoyi 12 ne, duk a kan wata uku da suka wuce. Malamar ta ce a Amurka aka tsara su a 1990 don tsofaffi, aka fassara su zuwa harsuna da dama har da Larabci. Larabcin Inna na kasuwa ne da na gaisuwa, don haka ni ce tafinta. Na ɗauka abin minti biyar ne.

"Inna, wai sau nawa kika rage abinci ko kika bar wani iri saboda haƙora?"

"Kullum."

"Kina shan wuyar cizo ko tauna abu mai tauri, kamar nama ko tuffa?"

Ta yi 'yar dariya bayan mayafi. "Ki ce mata rabona da tuffa tun babanku na da rai."

Shekara tara ke nan da rasuwar Baba. Na fassara, murya ta fara sauya mini. Aka zo kan ko haƙora sun hana ta magana yadda take so. Ta ce ta bar ɗaga murya a karatu, don in ta zo kan sinun iska ce kawai ke fita, ita kuma tana jin nauyin a ji ta tana ɓata harafi. Aka tambaya ko ta rage cuɗanya da mutane. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Bikin 'yar Goggonku da na ce ƙafa ke mini ciwo, ba ƙafa ba ce." Ko tana jin kunyar cin abinci gaban mutane? "Me ya sa kike gani nake cewa ku ci, na riga na ci?"

Ni nake dafa mata abinci, ni nake ba ta magani, ɗakinmu ɗaya. Amma sai da baƙuwa ta zo da takarda daga wata uwa duniya kafin na ji waɗannan amsoshi, kuma da bakina na riƙa juya su zuwa Larabci. Ba ɓoyewa ta yi ba. Ba wanda ya taɓa tambayarta ne. Mukan tambayi tsoho ƙafa, mu tambayi ido, mu tambayi barci, baki kuwa mun sallama shi ga shekaru. Da malamar ta ga na sunkuyar da kai sai ta ce ba mu kaɗai ba ne, ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022 ta nuna kusan mutum 23 cikin 100 na waɗanda suka kai 60 ba su da haƙori ko ɗaya. Don ta sanyaya mini zuciya ta faɗa, sai dai bai sanyaya ba.

Na zaci sati mai zuwa za a fara cira. Ina! Aka tura mu gwajin jinin da mutanen nan ke kira tarakumi, wanda ke nuna yadda sukari ya kasance a wata biyu zuwa uku da suka shige, ba na safiyar ranar kawai ba. Inna ta saba dabara: in za a je awo sai ta ƙaurace wa dabino kwana biyu. Wannan gwaji bai san wannan wayo ba. Ya fito 9.4, alhali kusa da 7 ake so. Malamar ta ce in dai ba gaggawa ba, ba za su cire haƙori bakwai a haka ba, don rauni ba ya saurin warkewa in sukari ya hau, ga haɗarin ya ɗauki ruwa. Ta ƙara da abin da ban taɓa ji ba, wai sukari da ciwon dasashi juna suke ciyarwa. Sukari na raunana dasashi, kumburin dasashi kuma na sa sukari ya ƙi sauka, har bincike ya nuna wanke ƙarƙashin dasashi kaɗai yakan ɗan sauko da tarakumi. Ta sa na juye ledar magungunan Inna a tebur. Ta ware ɗaya na hawan jini ta ce irinsa kan sa dasashi ya yi kauri, ta ware wani ta ce yana cikin masu busar da baki. Sai a lokacin na gane dalilin da Inna ke kwana da gorar zamzam a gefen matashi. Yawu ashe shi ne mai gadin haƙori, shi ke wanke shi yana kashe tsamin da ke cin sa. Ba su canja magani ko ɗaya ba, sun dai rubuta wa likitan sukarinta takarda.

Wata uku muka yi a wannan mataki. Dabino ya koma ƙwaya uku, sukarin shayi ya koma rabin cokali, aka yi ta rigima. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, balle ni da Inna a kan shayi. A tsakani 'yar daktora ta kankare dattin da ya daskare a haƙoran ƙasa a zama biyu. Tarakumi ya sauko 7.8, aka ba mu rana.

Shawarar da suka yanke ita ce a cire na sama duka biyar, a cire biyu a ƙasa, a bar huɗu: fiƙoƙi biyu da na bayansu. Yaya ya ce tunda an fara a kwashe duka mana a huta. Malamar ta girgiza kai. Ta ce haƙoran roba na sama suna kama ganɗa su zauna, na ƙasa kuwa ba su da wurin kamawa, ga harshe na ture su, saboda haka ko haƙori biyu aka samu a ƙasa, ƙugiya ce da ba a sayenta da kuɗi.

Matsalar ɗaya ce: cikin biyar ɗin sama akwai haƙorin Makka. Mu da muke zaune a nan mun saba ganin alhazai 'yan Najeriya da Nijar suna layi a sa musu shi kafin su koma gida, shaidar an zo an sauke farali. Inna ma da ta zo da ƙuruciyarta ta sa nata, da niyyar komawa Hadeja ta nuna, sai zama ya kama ta. Fiye da shekara 40 yana bakinta. Hula ce kawai aka kifa wa lafiyayyen haƙori, bakinta bai zauna daidai da dasashi ba, abinci ya yi ta maƙalewa a gefen, haƙorin ya ruɓe a ciki ba mai gani. Shi ne ma ya kumbura mata fuska. Ta ce a cire sauran a bar mata shi. Aka nuna mata hoton, baƙin tabo a ƙarshen saiwa kamar ƙwayar gero. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "To a ba ni abina in an cire." Aka wanke hular aka ba ta a 'yar leda. Tana cikin gwangwanin da take ajiye 'yan kunne.

An yi cirar a zama uku, da allurar banju mai kashe zafi, sati biyu-biyu tsakani. Asfirin ɗin da take sha don zuciya na ɗauka za a ce ta dakata, aka ce a'a, kada ta kuskura ta bari ba da izinin likitanta ba, jinin za a tsayar da shi da auduga da ɗinki. Zama na farko da na biyu lafiya lau. A na uku ne na yi ɓarna da hannuna. An ce ta cije auduga rabin awa, kada ta kurkure baki ko ta tofar da yawu da ƙarfi sai bayan awa 24, daga nan a fara ruwan gishiri mai ɗumi. Ni kuwa da na ga ta saba, da la'asar ɗin ranar na haɗa mata ruwan gishiri na ce ta kurkure sosai don wurin ya yi tsabta. Kwana uku bayan haka ciwo ya taso mata har cikin kunne, ga wani wari. Gudan jinin da ya toshe ramin, wanda shi ne murfin ƙashi, na sa ta wanke shi. Aka wanke ramin aka cusa wani magani, nan take ɗakin ya ɗauki ƙamshin da na sani. Inna, baki cike da auduga, ta harare ni ta ce, "Kanumfarin dai da kuka hana ni." Ba ta yi kuskure ba, man kanumfari na cikinsa.

Sai jira kuma, wata biyu da rabi, don dasashi ya warke ƙashi ya lafa, tunda a watannin farko bayan cira ne ya fi saurin janyewa, in an yi gaggawar aunawa haƙoran za su yi sako-sako. Wannan ne lokacin da ya fi mata tsanani. Kunu, fate, shurba, ƙwai, kifi, laban. Ta daina fita ko ƙofar gida. Azumi ya shigo, jarrabawar ɗalibai ta biyo baya, ranaku biyu da aka ba mu na ganin likita suka tashi.

Ɗinkin haƙoran, in ji Inna, zama biyar ya ci. Na farko aka cika wani faranti da abu mai kama da kwaɓaɓɓen fulawa aka danna a ganɗa. Ta yi ta yunƙurin amai, 'yar daktora na cewa, "Numfashi ta hanci, ya hajja, sunkuyo da kai gaba." Na biyu aka sake aunawa da farantin da aka ƙera daidai bakinta. Na uku aka sa mata dunƙulen kakin zuma sama da ƙasa ta cije, ana auna tsayin fuska daga hanci zuwa haɓa, don in ya yi tsawo haƙora za su riƙa karo in tana magana, in ya gaza baki zai shige ciki. A nan aka kawo jerin launuka ta zaɓa. Ni na nuna fari tas. Ta ce, "So kike a ce na ari bakin jikata? Bakin da ya ci goro da fure shekara hamsin?" Ta zaɓi mai ɗan duhu, malamar ta ce hajja ta fi ni ido.

Zama na huɗu shi ne gwaji, haƙoran na dashe a kaki, ana iya matsar da su. Aka miƙa mata madubi. Ta juya dama, ta juya hagu, ta ajiye. "Sun yi kyau, amma ba nawa ba ne." Aka tambayi abin da ya rage. Ta sa farce tsakanin na gaba biyu: "Ina wushiryata?" Na rasa yadda zan fassara. Na ce wata 'yar ƙofa ce tsakanin haƙoran gaba, a wurinmu ado ce, har waƙa ake yi wa mai ita. 'Yar daktora ta zaro ido, ta ce mutane kuɗi suke biya a rufe musu ita. Washegari na kawo tsohon hoton Inna na fasfo, wanda aka ɗauka tana murmushi, ga wushirya ga haƙorin Makka na ƙyalli. Malamar ta ɗumama wuƙar kaki a wuta, ta raba haƙoran biyu kaɗan, ta sake miƙa madubi. Inna ba ta ce komai ba. Ta dai ƙi mayar da madubin sai da aka roƙa.

A Zulƙida aka ba mu na gaske. Kada wanda zai raka tsohonsa ya ɗauka ranar nan ce ƙarshen wahala. Satin farko yawu ya yi ta zuba, magana ta koma kamar da tuwo a baki, gefen dasashi ya yi gyambo wuri biyu. Sau uku muna komawa ana shafa wani farin abu a ciki, a ga inda ya goge, a kankare wurin. Sun gargaɗe mu kada mu kuskura mu goga da kanmu a gida. Cin abinci ma koyo ne sabo: ƙananan loma, a tauna ta ɓangare biyu lokaci ɗaya, kada a ciza da na gaba don na saman zai ɓalle daga baya. Don harshe ya saba aka ce ta riƙa karatu da ƙarfi. Wannan kam ba a sha wuya ba. Bayan asuba sai ta buɗe izu ta ɗaga murya, da farko sinun na fita da fito, har jikoki na dariya a ɓoye. Wajen sati na uku ya daidaita.

Inda muka fi kai ruwa rana shi ne cirewa da dare. Ta ce ita ba za ta kwana baki wayam ba, in mutuwa ta zo cikin dare fa? Sai da malamar ta zaunar da ita. Ta ce dasashi na bukatar hutu kamar ƙafa daga takalmi, in ba haka ba ganɗa za ta yi ja da wata cuta mai kama da funfuna. Ta kuma ba ta labarin wani bincike a Japan kan tsofaffi 'yan 85 zuwa sama, inda aka ga masu kwana da haƙoran roba haɗarin ciwon huhu ya ninka musu kusan sau biyu, saboda ƙwayoyin cutar da ke taruwa a jiki suna bin yawu su gangara ƙirji cikin barci. Mutanen can, in ji ta, tun 1989 suka sa wa kansu buri kowa ya kai 80 da haƙora 20 nasa na kansa, kuma zuwa 2016 fiye da rabin masu wannan shekaru sun cim masa. Inna ta ce, "Su ba su cin goro." Amma ta yarda, da sharaɗi kofin ya zama mai murfi, kuma ba mai ganinsa sai ni.

Yanzu kowane dare nakan tara ruwa a kwano in wanke su a kai, don in sun suɓuce kada su fashe, da buroshi mai laushi da sabulun ruwa. Man goge baki yana kankare su, ruwan zafi kuma yana lanƙwasa su. Huɗun nan nata na ƙasa su ake lallaɓawa kamar ƙwai, man goge baki mai fuloraid safe da dare. Aswakinta na arak da ake sayo mata a bakin Harami ba wanda ya hana ta, an dai ce ta sassauta hannu, ta yanke kan kullum, don dirzar da take yi da ƙarfi ta taimaka wajen janye dasashin.

Da Safar ya zagayo aka kira mu zagaye na biyu na tambayoyin nan 12. 'Yar daktora ta gama karatu ta tafi, wata ce ta karɓe mu. Na fara fassarawa, Inna ta ɗaga mini hannu, wai ta haddace su. Cuɗanya da mutane? Ta je suna biyu da walima ɗaya. Cin abinci gaban mutane? Ta ce in dai an yanka mata tsiren ƙanana. Na ƙasan yana ɗan motsi in ta ci tuwon shinkafa mai danƙo, wannan ta ce a rubuta. Da aka zo kan nama da tuffa ta juyo wurina.

"Ki ce mata nama muna ci. Tuffa kuwa na gwada, ashe ba wani daɗi gare ta ba. Ki tambaye ta ko takardar tasu tana da wurin goro."